KUBEN BAWUL: ABIN DA ZA A DUBA KAFIN A MAYAR DA KAN INJI

Kowace shekara idan kaka ta gabato, ƙungiyoyin manoma da yawa sukan sauke injin niƙa ko injin tarakta domin a gyara kafin aiki ya yi yawa. Masu lambu kuma sukan yi haka da injin ban ruwa kafin rani. Kwamiti ya zauna, ma'aji ya fitar da kuɗi, a sayo ringi da gasket, makaniki ya wasa bawul, a ɗaura inji. Inji ya tashi da ƙarfi, kowa ya yi murna. Amma bayan wata biyu ko uku sai ga shi yana wuyar tashi da safe, yana shan baƙin mai, ƙarfinsa kuma ya ragu kamar dā. Daga nan sai gunaguni ya shiga ƙungiya. Waɗansu su ce makaniki ya cuce su, waɗansu su ce mai kula da inji ne ba ya aikinsa, waɗansu ma su fara tambayar ma'aji inda kuɗin ya tafi.

Mun sha ganin irin wannan, kuma sau da yawa ba wanda ya ci kuɗin kowa. Wani ɗan ƙaramin ƙarfe ne aka manta da shi a cikin kan inji, wanda tsawonsa bai wuce yatsa ba. Makanikai suna ce masa gayid. Mu za mu kira shi kuben bawul, gama yadda wuƙa take shiga kubenta, haka ƙafar bawul take shiga cikinsa.

AIKIN KUBE

Bawul kamar babbar ƙusa yake: yana da faffaɗan kai da doguwar ƙafa. Kowace silinda a irin injunanmu tana da biyu. Ɗaya yana buɗewa iska ta shiga, ɗayan yana buɗewa hayaƙi ya fita ta salansa. Idan bawul ya rufe, bakin kansa yana zama a kan wani zobe da aka yanka a jikin kan inji, wato mazauni. Dole ya zauna daidai ko'ina a kewaye, kamar murfin tukunya mai kyau, in ba haka ba iskar da fistin ya matse za ta zurare. Injin gas kuwa ba shi da fulogi. Zafin iskar da aka matse shi ne yake kunna mai. Saboda haka in iska tana zurarewa, inji ba zai tashi da sauƙi ba.

Kube shi ne yake riƙe ƙafar bawul a miƙe, domin kai ya sauka a tsakiyar mazauninsa kowane lokaci. Mu lissafta yawan wannan sauka. Tsohon injin Lister 6/1, wanda aka riƙa ƙerawa a Dursley ta ƙasar Ingila har shekarar 1987, wanda kuma masana'antun Indiya suka kwaikwaya, yana juyi 650 a minti ɗaya. Kowane bawul yana buɗewa sau ɗaya a cikin juyi biyu, wato sau 325 a minti, sau 19,500 a awa. In an yi niƙa na awa 8, ƙafar bawul ta hau ta sauka a cikin kube sau 156,000 a yini guda. Ƙaramin injin ban ruwa mai fetur irin Honda GX160, mai juyi 3,600 a minti, bawul ɗinsa yana buɗewa sau 30 kafin ka ƙifta ido ka buɗe, wato a daƙiƙa ɗaya.

Kube yana da aiki na biyu wanda mutane ba su cika sani ba. Kan bawul na hayaƙi yana cikin wuta kullum, zafinsa yakan kai digiri 600 zuwa 800 a ma'aunin Selsiyus idan inji yana jan kaya. Ba ruwan da yake taɓa shi. Hanya biyu kaɗai zafin yake bi ya fita: kamar kashi uku cikin huɗu ta mazauni a ɗan lokacin da bawul yake rufe, sauran kuwa ta ƙafa zuwa kube. In kube ya yi faɗi, ƙafa ba ta jingina da shi sosai, kai kuma ba ya zama daidai a mazauni. Ka ga hanyoyin nan biyu sun lalace gaba ɗaya. Bawul ya yi ta tara zafi har gefensa ya ƙone ya yi giɓi.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Bawul da yake sauka a karkace, gefe ɗaya yana fara bugun mazauni, sa'an nan sifirin ya ja shi da ƙarfi ya daidaita. Kowace sauka wuyansa yana ɗan tanƙwaruwa. Kowa ya san yadda ake karya waya da hannu, a lanƙwasa nan a lanƙwasa can har ta tsinke. Ranar da kan bawul ya ɓalle ya faɗa cikin silinda inji yana gudu, fistin ya tafi, kan inji ya tafi, wani lokaci har silindar. Gyaran da kuɗin buhu ɗaya ko biyu zai biya ya koma na sayen rabin inji.

ME YAKE CINYE SHI

Ƙura ce babbar abokiyar gaba. Ƙurar hunturu, ƙurar gona a bayan garma, da ƙurar dusa da yashi a ɗakin niƙa, in sun haɗu da mai sai su zama kamar ƙullun wasa wuƙa. Injin da matatar iskarsa ta huje, ko aka cire ta aka ajiye domin wai tana hana inji numfashi, kubensa ba zai yi shekara biyu ba. A tsofaffin injuna irin Lister 6/1 mai ba ya hawa kan inji da kansa, da hannu ake ɗiga wa roka da ƙafafun bawul. In yaron inji ya manta kwana uku, ƙarfe yana cin ƙarfe kwana uku ke nan.

Sa'an nan akwai roka, wato ƙarfen nan mai kama da ma'aunin sikeli da yake danna bawul. Bakinsa ba ya sauka a miƙe, yana ɗan shafar kan ƙafar bawul yana tura ta gefe. Shi ya sa ramin kube ba ya cinyewa daidai ko'ina. Yana komawa kamar ƙwai ta wajen da roka yake turawa, bakinsa na sama da na ƙasa kuma suna buɗewa fiye da tsakiya, kamar kalangu. Ku riƙe wannan, gama shi ne dalilin yadda za mu yi awo.

ALAMU KAFIN A KWANCE

A injin fetur alamar a fili take: shuɗin hayaƙi da safe idan an tayar da inji, sa'an nan ya ragu. Man da ya taru a saman kan inji ne ya bi ta kube ya gangara da dare, kuma injin fetur yana tsotsar mai ta kuben iska idan an sassauta totur. Injin gas ba ya tsotsa da ƙarfi haka, saboda haka kada ku jira shuɗin hayaƙi. Ku duba bakin salansa ko yana zubar da baƙin mai mai danƙo. Ku buɗe murfin roka ku duba sifirin na bawul ɗin hayaƙi. In kun ga kunkunniya ta taru a gindinsa, hayaƙi ne yake bi ta kube yana hawa. In kuma ana daidaita tafet yau, bayan sati biyu ya sake canzawa, wannan ma shaida ce.

Ga wata dabara ga masu inji mai silinda ɗaya da ake tayarwa da hannu. A kashe mai. Mutum ɗaya ya juya babbar ƙafar inji a hankali har ta yi tauri, ya riƙe ta a wurin, wani kuma ya kasa kunne. In iska tana shii a salansa, bawul ɗin hayaƙi ne. In a bakin matatar iska ne, bawul ɗin iska ne. In kuwa ta wajen zuba baƙin mai ake jin ta, ringi ne. Wannan ba ya cin ko kwabo, ya kuwa hana ƙungiya sayen ringi alhali ciwon yana sama.

YADDA AKE GWADA KUBE

In an sauke kan inji, kafin a cire bawul a samo kwali a huda ramuka a rubuta lamba, domin kowane bawul ya san gidansa. A matse sifirin da abin matsewa, a cire ƴan makullan nan biyu, a sa su cikin gwangwani, gama in ɗaya ya faɗi cikin ƙasa an sha nema. In bawul ya ƙi fita, kada a buga shi. Bakin ƙafarsa ne ya baje saboda dukan roka. A goge bajewar da ƙaramin zarto mai laushi tukuna, in ba haka ba zai karce kube a kan hanyar fita.

Sai wanki. Ba a awon ƙazamin ƙarfe. Kunkunniya da busasshen mai sukan cika ramin har kuben da ya mutu ya zama kamar mai rai. A wanke da kananzir da ɗan buroshi mai shiga rami, a kankare ƙafar bawul, a shanya.

Tsakanin ƙafa da kube dole a sami ɗan sarari domin mai ya shiga, domin kuma ƙarfe yana kumbura da zafi. A yawancin injuna sararin sabon bawul na iska yana tsakanin milimita 0.025 da 0.075, na hayaƙi kuwa tsakanin 0.05 da 0.10, gama shi ya fi zafi. Domin a gane ƙanƙantar abin, kaurin takardar littafin makaranta kamar milimita 0.1 ne. Tsofaffin littattafan injunan Ingila da inci suke awo, su ce 0.002 ko 0.004. Kashi ɗaya cikin dubu na inci daidai yake da milimita 0.025. Kowane inji yana da iyakarsa a littafinsa, kuma maganar littafin ita ce gaba da tamu. Na Honda GX160, alal misali, iyakarsa 0.10 ce ga bawul na iska, 0.12 ga na hayaƙi. In ta wuce haka, gyara ya wajaba.

Awo na gaskiya da maikiromita ake yi. A auna ƙafar bawul a wuri uku inda take gogar kube, sama da tsakiya da ƙasa, a gwada da wurin da ba ya shiga kube, wanda yake nan kamar sabo. In farce yana jin ɗan tudu a inda gugar ta tsaya, wannan bawul ya gama aiki. Ramin kube kuma akwai ɗan ma'auni mai kan ƙwallo da ake zurawa a buɗe shi har ya taɓa bango, a fitar a auna da maikiromita. Shi ma a wuri uku, kuma kowane wuri sau biyu: ta wajen da roka yake turawa, da kuma a gicciye. A ɗauki awon rami mafi girma a cire awon ƙafa mafi ƙanƙanta. Misali, rami 8.12, ƙafa 7.95, saura 0.17. Wannan ya wuce iyaka. Makanikin da ya auna tsakiya kaɗai zai ce kube lafiya lau, gama tsakiyar kalangu ita ce siririya.

In akwai agogon awo, wato mai allura ɗaya da yake nuna motsin ƙarfe, sai a sa bawul a kubensa, a ɗaga kansa daga mazauni kamar milimita 10, a jingina bakin agogon a gefen kan, a girgiza bawul ta wajen da roka yake turawa. Amma a lura, abin da allura ta nuna ya fi sararin gaskiya, domin kan bawul yana nesa da kube, kamar yadda bakin doguwar sanda yake lilo fiye da inda aka riƙe ta. In tsawon kube milimita 60 ne, inda ake awo kuma yana milimita 30 daga bakinsa, allura za ta nuna ninki biyu. Ta nuna 0.30, sararin 0.15 ke nan.

Mun san yawancin ƙauyukanmu ba maikiromita, ba agogon awo. To, ga abin da hannu zai iya. A samo sabon bawul, ko da aro ne daga mai sayarwa. A sa tsohon a kube, a ɗaga shi kamar faɗin yatsa, a girgiza. A cire, a sa sabon, a girgiza. In sabon ya tsaya cik, ƙafar tsohon bawul ce ta cinye, kube yana da sauran kwana. In sabon ma yana kaɗa kai har ana jin ƙwas-ƙwas, kube ne. Wata hanya kuma, a shafa ɗan mai marar kauri a ƙafar bawul, a zura, a toshe ɗaya bakin kuben da babban yatsa, a ja bawul waje da sauri. Kube mai kyau zai tsotsi yatsa, bawul ma ya so komawa da kansa. Wanda ya cinye ba zai tsotsi kome ba. Kada a yi wannan gwaji da mai mai kauri, gama zai rufa wa mugun kube asiri. Hannu ba ya ba da lamba, amma yana raba mai rai da matacce, kuma abin da kwamiti yake bukata ke nan domin ya san ko za a kai kan inji birni.

HANYOYIN GYARA

Kube iri biyu ne. Akwai wanda aka ƙera dabam, da ƙarfen zubi ko tagulla, aka cusa shi cikin kan inji da ƙarfi. Irin wannan ne a injin Perkins mai silinda 3 na tarakta Massey Ferguson 135, wadda aka ƙera daga 1964 zuwa 1975, har yanzu kuwa akwai masu aiki da ita. Akwai kuma inda ba kube dabam, rami ne kawai aka huda a jikin kan injin, kamar a Perkins 4.236 na waɗansu shekaru. A goge wurin da kyau a duba. In akwai siririn layi a kewaye da bututun, mai fita ne.

Mai fita, canza shi ake yi, kuma wannan ita ce hanya mafi kyau. Kafin a taɓa shi a auna tsawon da ya fito a saman kan inji, a rubuta, domin sabon ya tsaya daidai wurin. In ya fito da yawa, faifan sifirin zai buge shi. In ya nutse da yawa, zai tare hanyar iska. A kankare kunkunniyar da ta daskare a bakin kube ta wajen hanyar hayaƙi, gama in aka jawo ta cikin ramin za ta karce shi, sabon kube kuma ba zai kama ba. A duba kuma ko kuben mai zare ne, domin a waɗansu tsofaffin injuna kwance shi ake yi kamar noti, guduma kuwa za ta fasa kan injin.

Ana fitar da kube da wani ƙarfe mai kafaɗa: siririn bakinsa yana shiga ramin, kafaɗarsa tana zama a kan kube. Mai injin sassaƙar ƙarfe zai yi maka shi cikin ɗan lokaci. Kada a yi da tsohon bawul ko kan sukurudireba, bakin kube zai baje ya ƙara kamawa. In akwai injin matsi, ya fi guduma. Sabon kube ya fi raminsa kauri da kamar milimita 0.025 zuwa 0.05, wannan ne yake riƙe shi. Domin ya shiga da sauƙi, a ɗumama kan inji, a sanyaya kube a firji ko cikin ƙanƙara a leda, a shafa masa mai. Kan inji na alminiyam, irin na ƙananan injunan fetur, lalle ne a ɗumama shi, kamar digiri 120 zuwa 150, ko'ina daidai, a tanda ko a kan faifan ƙarfe. Kada a sa masa wutar walda a wuri ɗaya, zai karkace. A lura kuma kada a musanya kuben iska da na hayaƙi, ko a sa shi kai ƙasa. In sabon kube ya shige da ɗan turi kaɗan, ramin ya buɗe, sai an nemi kube mai ƙarin kauri. Kada a yarda a tsattsaga jikinsa da kurfi domin ya kama, zai kwance in inji ya yi zafi.

Bayan an cusa kube, raminsa yakan ɗan tsuke. Sai a bi shi da rima, wato ƙarfe mai kaifi da yake share rami daidai awo. Da hannu ake juya ta, da mai, ta hannun dama kullum, har lokacin fitar da ita. In aka juya ta baya, kaifinta ya dakushe. Sa'an nan a wanke, a gwada bawul. Ya kamata ya gangara a hankali da nauyin kansa, ba tare da ya kama ko ya girgiza ba. Kada a bar na hayaƙi ya matse da yawa don neman kyau, gama in ya yi zafi zai kumbura ya maƙale a buɗe, fistin ya same shi.

Inda ba kube mai fita, akwai hanya uku. Ta fari, a buɗe ramin da rima a sa bawul mai ƙafa mai ƙarin kauri. Kamfanoni sukan yi su da ƙarin 0.003 da 0.015 da 0.030 na inci. A tabbata an sami bawul ɗin a hannu kafin a taɓa ramin. Ta biyu, a huda ramin a cusa kube kamar na mai fita, ko siririn bututun tagulla wanda ake buɗewa daga ciki har ya manne da bango. Wannan gyara ne mai ƙarko in an yi shi da kayan aikinsa, aikin masu injin sassaƙar ƙarfe ne irin na Panteka a Kaduna da makamantansu. Ta uku kuwa, akwai wani ƙarfe da ake murɗawa cikin ramin ya tayar da zare a bango domin ramin ya tsuke, sa'an nan a bi da rima. Yana da araha, kuma ranar da aka yi shi bawul zai tsaya cik. Amma a kan bakin zaren kaɗai ƙafa take jingina, zaren kuwa yana cinyewa da sauri, zafi ma ba ya wucewa sosai. A ganinmu, in ana tsakiyar ban ruwa, tumatir yana neman bushewa, ba kuma wata hanya, a yi shi. Amma a rubuta a littafin inji cewa bashi ne aka ci, za a biya bayan an kwashe amfani. Ga bawul ɗin hayaƙi na injin gas mai aiki kullum, ba mu ba da shawararsa ko kaɗan.

Wata aba da muke roƙo a guje mata ita ce kuben da aka sassaƙa daga kowane guntun ƙarfe da aka tsinta, kamar tsohon rodi ko ƙusar mota. Ƙarfen zubi yana da wani baƙin sinadari a jikinsa mai sa santsi, shi ya sa yake jure wa ƙarancin mai. Ƙarfen rodi ba shi da wannan, zai kama ƙafar bawul ya karce ta. In dole sai an sassaƙa, a sassaƙa daga ƙarfen zubi mai kyau ko tagullar da aka yi domin wannan aiki.

KUBE TUKUNA, SA'AN NAN MAZAUNI

Nan ne gyara da yawa yake lalacewa. Sabon kube ba ya taɓa tsayawa daidai inda tsakiyar tsohon take. Mazauni kuwa ya riga ya cinye ya bi karkatar tsohon. In aka sa bawul haka, gefe ɗaya zai taɓa, ɗayan ya bar ƙofa. Saboda haka duk lokacin da aka canza kube, dole a sake yanka mazauni, da abin yanka wanda sandarsa take shiga cikin sabon kuben ta bi tsakiyarsa. Wannan ne kuma ya sa wasa bawul a kan mataccen kube aikin banza ne: bawul yana lilo, mazaunin da aka wasa ba shi da tsakiya, cikin ƴan makonni ya koma yoyo. Amsar tambayar da ƙungiya take yi ke nan, cewa me ya sa gyaran bai daɗe ba.

Yawancin mazaunai a kan digiri 45 ake yanka su, waɗansu na iska 30. A yanka kaɗan kaɗan, iyakar abin da zai sa zoben ya fito fes ko'ina. Faɗin inda bawul yake taɓawa ya zama kamar milimita 1.5 zuwa 2. In ya yi faɗi da yawa, kunkunniya za ta maƙale a ciki. In ya yi siriri, zafi ba zai wuce ba. Ga masu injin gas akwai ƙarin kashedi: kowane yanka yana nutsar da bawul cikin kan inji, ɗakin da ake matse iska ya ƙara girma, matsi ya ragu, inji ya yi wuyar tashi da sanyin safiya. A ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a fuskar kan inji a auna nutsewar kan bawul da fila geji, a gwada da littafi. In ta wuce iyaka, sai an sa sabon zoben mazauni.

Bayan yanka sai a wasa da ƙullun wasa bawul mai laushi, ɗan kaɗan a bakin kai kawai. Ana murza sandar tsakanin tafin hannu kamar mai burga miya, ana ɗagawa ana juyawa. Minti biyu ko uku sun isa in yankan ya yi kyau. Kada ƙullun nan ya taɓa ƙafar bawul. Yashi ne, in ya shiga sabon kube zai yi masa cikin sati ɗaya abin da ƙurar shekara biyu take yi. A wanke da kananzir, a sake wankewa da ruwan zafi da sabulu, a bi ramin da farin tsumma har ya fito fari, a shanya, a shafa mai nan da nan domin tsatsa.

Gwajin ƙarshe mai sauƙi ne. A ja layuka da fensir a gicciye a bakin bawul kewaye da shi, a sa shi a mazauni, a ɗan juya. In duk layukan sun yanke, yana taɓawa ko'ina. Sa'an nan a ɗaura sifirin, a kwantar da kan inji a gefe, a zuba kananzir cikin hanyar iska da ta hayaƙi, a jira minti biyar. In gefen bawul ya jiƙe, da sauran aiki. Ya kamata mutum biyu na kwamiti su tsaya su ga wannan gwaji da idonsu kafin a biya kuɗin aiki. Makanikin kirki ba ya jin haushin haka, shi ma shaida ce gare shi. A karɓi tsofaffin kube da bawul a kawo wa taro, a rubuta awon da aka samu da ranar gyara a littafin inji.

Kafin a rufe, a jera sifirin a kan tebur a gwada tsawonsu da sabo, wanda ya gajarta ko ya karkace a canza shi. A duba bakin roka, in ya yi rami a gyara shi ko a sa wani, in ba haka ba zai ci gaba da tura sabon bawul gefe. Inda inji yake da ƴan robobin da suke hana mai bin ƙafar bawul, a sa sababbi, amma kada wani ya ruɗe ku cewa roba kaɗai za ta warkar da kuben da ya cinye. Za ta ɓoye hayaƙi na ɗan lokaci, lilon kuwa yana nan.

A sa sabon gasket, a ɗaure notocin kan inji daga tsakiya zuwa waje, a zagaye sau biyu ko uku ana ƙara ƙarfi, da sufana mai awo. A daidaita tafet inji yana da sanyi: na Perkins mai silinda 3 milimita 0.30 ne, na tsohon samfurin Honda GX160 kuwa 0.15 ga iska, 0.20 ga hayaƙi. A bar inji ya yi aiki marar nauyi a ranar fari. Bayan kamar awa 25 na aiki, a sake bin notocin, a sake duba tafet, gama sabon gasket yana kwanciya, bawul kuma yana ƙara zama a mazauninsa. Ranar da aka tayar da injin, a wanke matatar iska, a zuba sabon mai a kwanonta daidai layi in mai kwano ce. In injin niƙa ne, a ja bututun shan iskarsa ya fita bayan bango, ta gefen da ƙurar dusa ba ta bi.